Ƙwallo Uku

Shekara talatin da ɗaya babana Sallau
yana cika motocin Arewa a tashar Agege
da maƙogwaro kawai.
"Kano-Kano! Saura mutum ɗaya!"
Ko jirgin ƙasa na wucewa sai an ji shi.
Da muryar nan muka ci, da ita na yi boko,
da ita ake biyan hayar ciki da falo a bayan masallaci.

Shekarar da aka kulle gari ya kwanta kwana tara.
Ya ce mura ce.
Ya ce korona ta masu hawa jirgin sama ce.
Inna ta dafa citta da kanumfari, ta matsa lemon tsami,
ya kurɓa ya ce ba ya jin ƙanshin komai,
daga daddawa har kwatar ƙofar gida.
Muka yi dariya. Ya miƙe. Muka manta.
Huhu ne bai manta ba.

Bana zuciya ta gaza.
Wai wata 'yar ƙofa ce a cikinta ta daina rufuwa.
'Yan tasha suka zagaya da hula,
Inna ta sayar da keken ɗinkinta,
ni na sa hannu a takarda a Idi-Araba
da biron aro mai yoyo.
Awa shida muna kan benci.
Likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau,
Inna ta yi sujada a kan dandamalin asibiti.

Kwana na uku, zazzaɓi.
Likitan ya ɗaga hoton ƙirji ga fitila,
na ga fari-fari kamar garin rogo ya zube a baƙin zane.
"Ya taɓa yin korona?"
Na ce mura ce.
Sai na ji maganar Baba ce ta fito ta bakina.
Ya ce tabo ne tsoho, ya yi shiru shekaru,
yanzu da aka buɗe gidan, ruwa ya sami makwanci.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Zuciya sabuwa fil tana ta bugu,
maƙwabcinta kuwa ya zama zugazugi mai huji.
Suka zura roba tsakanin haƙarƙari,
suka jingina tukunyar iska a gefen gado,
doguwa, ta fi ni tsawo.
Na ajiye carbi na koma ƙirga lambar da ke yatsansa:
tamanin da bakwai, casa'in, tamanin da takwas.
Daren da aka ɗauke wuta,
kafin janareto ya tashi
na ja numfashi sau goma sha ɗaya,
kowanne ina jin kamar sata na yi masa.

Sista Morenikeji ba ta da Hausa sai kalma uku:
sannu, tashi, ja.
Ta ba shi matashi ya rungume in zai yi tari
don kada ɗinki ya ɓalle,
ta bubbuga masa baya da tafi,
sannan ta kawo wata 'yar roba kamar abin wasan yara,
ɗaki uku, ƙwallo uku, da tiyon zuƙa.
"Baba, ja!"

Mutumin da ke cika doguwar mota kafin la'asar,
ga shi yana gumi a kan ƙwallo ɗaya.
Ta ɗaga, ta faɗo. Ya kau da kai bango.
Ni ma na kau da nawa.

Mako biyu ke nan. A waje ruwa ake,
danfo na ta ham a bakin get.
Yau ya zuƙa, ta fari ta hau,
ta biyu ta bi ta,
ta ukun ta ɗan girgiza a mazauninta, ta ƙi.
Ya cire tiyon, ya huta, ya yafito ni da yatsa.
Na kai kunne har bakinsa
don murya ta koma kamar ta zare.
Ya ce, "Saura mutum ɗaya."